Kirsimetin farko a Manchesta

Na bar Kaltungo a watan Yulin 2024. Ranar Lahadin ƙarshe aka yi mini addu'ar sallama a majami'armu ta ECWA, matan zumunta suka rera waƙa, Mama ta ɗora hannu a kaina. In faɗi gaskiya, a lokacin begena duka a kan biza yake. Na yi azumi dominta, da ta fito kuwa na ce to, Ubangiji ya gama mini komai.

Aikin kula da tsofaffi ne ya kai ni Ingila. Tun watan Maris na shekarar aka hana masu irin wannan aiki zuwa da iyalinsu, don haka 'ya'yana biyu a hannun Mama na bar su. Sanyi, ɗaki ɗaya mai tsadar haya, Turancin da sai na ce a maimaita, duk na shanye.

A watan Nuwamba Mama ta rasu. Ga bashin tafiya ban gama biya ba, ga kuɗin jirgi. A WhatsApp na ga jana'izarta, ƙanena yana riƙe da waya, hoton yana yankewa. Bayan nan na yi makonni ban iya addu'a ba. Nakan durƙusa, bakina ya ƙi buɗewa.

Sai ga Disamba. A can kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe. Ranar 25 ga wata ina da aiki, kuma ranar yawancin motocin bas ba sa fita, sai na taka da ƙafa. Titi tsit, kowa ya kulle ƙofarsa. Ni da na saba da Kirsimetin gida: hazon hunturu, ƙamshin cincin tun jajibiri, yara da sabbin kaya suna bin gida-gida da kwanukan shinkafa. Mama ba ta taɓa zuba wa kanta ba sai ta aika wa Hajiya maƙwabciyarmu, kamar yadda naman layya yake fara zuwa gidanmu da Babbar Sallah.

Da dare na buɗe Matiyu sura 2, ba don ina so ba, sabo ne kawai. Na sha karanta wurin da mala'ika ya ce wa Yusufu ya tashi ya gudu da yaron da uwarsa zuwa Masar, amma a wasan Kirsimeti na yara kullum a kan masu hikima da kyautarsu muke tsayawa. Ranar ce na lura cewa Maryamu ma ta yi baƙunci a ƙasar da ba ta da kowa, da jariri a hannu. Na daɗe a zaune. Addu'ar da ta fito mini gajera ce, kuma ba roƙon komai a ciki.

Na kira yayata a Gombe, inda yaran suka koma.

"Yaya, kun kai wa maƙwabta?"

"Tun safe. 'Yarki ce ma ta ɗauki kwanon."

Washegari na dafa shinkafa da miyar kazar da na saya a shagon halal, na zuba a roba, na ƙwanƙwasa ƙofar 'yan Pakistan da ke ƙasan benenmu. Wata biyar muna wuce juna ba gaisuwa. Matar ta dubi robar, ta dube ni, ta ce in shigo, shayi yana kan wuta.