Abin da kuɗin Facebook ya koya mini game da amana

Ranar 18 ga Yunin 2019 kamfanin Facebook ya sanar da cewa zai fito da kuɗin intanet mai suna Libra. Ina tuna lokacin sarai, domin a watan ne nake neman abin da zan rubuta kundin digirina na biyu a kansa, a fannin tattalin arziki. A watan ne kuma Yaya, wanda ke aikin gini a Jidda, ya aiko wa Hajiya kuɗin magani ta hanyar wani kamfanin aika kuɗi, suka iso an zaftare musu kaso mai tsoka. Ba mu kaɗai ne ke wannan kukan ba. Alƙaluman Bankin Duniya na wancan lokacin sun nuna cewa aika dala 200 zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara yakan ci kusan kashi 9 cikin ɗari, mafi tsada a duniya. Wato gumin lebura na dala 18 yana tsayawa a hanya.

Don haka da na karanta takardar da suka fitar, sai na ji kamar da gidanmu ake magana. Sun ce mutum biliyan 1.7 ba su da asusun banki, kuma za su mayar da aika kuɗi kamar tura saƙo a WhatsApp. Sun ce ba Facebook kaɗai zai riƙe kuɗin ba, ƙungiya ce mai mazauni a Jeniba ta ƙasar Suwizalan, da mambobi 28, ciki har da Visa da Mastercard da PayPal da Uber da Vodafone, ana sa ran kowane kamfani ya zuba aƙalla dala miliyan 10. Don kada farashinsa ya riƙa hawa da sauka irin na Bitcoin, za a jingina shi da ajiyar dala da yuro da yen da fam na Ingila da dalar Singafo. Cikin kwana uku na rubuta shawarar bincike mai shafi goma a kan yadda Libra za ta sauke wa talaka nauyi, na kai wa malamin da ke duba aikina.

Ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau, ya ce: "To, ɗana, in Hajiya ta wayi gari ta buɗe wayarta ba ta ga kuɗin ba, wa za ta kai wa kuka?"

Na ce, "Malam, ai kundin da ake rubuta cinikin a ciki yana kan kwamfutoci da yawa, ba mai iya goge shi." Ya ce, "Mutum na tambaye ka. Ina ofishinsa, wa ke sama da shi, kuma da wane harshe za ta yi masa bayani?" Ban da amsa. Sai ya ce in ajiye takardun, in je Wapa, kasuwar canji ta Kano, in zauna da 'yan canji na mako biyu, in dawo mu yi magana.

Zaman Wapa ya fi duk abin da na karanta a zangon amfani. Na ga ɗan kasuwa ya miƙa naira a Fagge, an ɗaga waya an kira wani a Dubai ko Jidda, kafin ya gama shan ruwan da aka ba shi an biya abokin cinikinsa a can. Shaidar da ke tsakani wani lokacin ba ta wuce layi ɗaya a littafin rubutu ba. Na tambayi wani dattijo abin da ke hana a gudu da kuɗin mutane. Ya ce an san gidansa, an san surukansa, an san masallacin da yake sallah, kuma kasuwa tana da shugabanni da ke zaunar da mutane in an samu saɓani. Wanda ya ci amana sau ɗaya, ya gama cin kasuwa. Ana samun damfara a can ma, ban ce babu ba, kuma na ji labarin waɗanda suka yi asara. Amma wanda aka cuta ya san rigar wanda zai riƙe.

Ina cikin wannan zaman ne aka fara sauraron bahasi a Majalisar Dokokin Amurka. Ranar 16 ga Yuli, David Marcus, tsohon shugaban PayPal da ke jagorantar aikin, ya zauna gaban kwamitin harkokin banki na majalisar dattawa. Na kalla a waya har tsakar dare, na ji sanatoci suna ta zagaye tambayar nan da Malam ya yi mini: me zai sa a ba ku amanar kuɗin jama'a? Suna da dalili. Shekara guda kafin nan badaƙalar Cambridge Analytica ta fito, inda aka kwashi bayanan masu amfani da Facebook kusan miliyan 87, kuma a watan Yulin nan hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. Wanda aka ba ajiyar sirri ya yi sakaci, da wuya a miƙa masa makullin taska. Ranar 4 ga Oktoba PayPal ya fice, bayan mako guda Visa da Mastercard da Stripe da eBay suka bi sahu. Da Mark Zuckerberg, shugaban Facebook, ya bayyana gaban kwamitin majalisar wakilai ranar 23 ga Oktoba, sai da ya yi alkawarin ba za a ƙaddamar da kuɗin ba sai hukumomin Amurka sun amince.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga Faransa ya zo. A watan Satumba ministan kuɗinta, Bruno Le Maire, ya ce ba za a bar Libra ta yi aiki a Turai ba, domin buga kuɗi da kula da darajarsa haƙƙin ƙasa ne. Na yi ta tunani a kan wannan. Idan masu yuro, da duk ƙarfinsa, sun ji tsoro, ina ga masu naira da sidin Ghana? Duk inda kuɗin ƙasa ke zubewa, mutane za su ruga su ɓoye dukiyarsu a wanda ya fi tsayuwa, kuma ba wanda zai ga laifinsu. To a ce rabin 'yan Kantin Kwari sun koma saka farashi da Libra. Babban banki zai ɗaga kuɗin ruwa ko ya sauke, kasuwa ba ta ji ba. Shawarar abin da za a zuba a ajiyar kuma a Jeniba za a yanke ta, kuma babu kuɗin ƙasar Afirka ko ɗaya a cikin kwandon. Mutanen da aka ce don su aka yi abin, su ne ba su da kujera a wurin. A shafuka goman nan nawa babu layi ɗaya a kan wannan, domin sauƙin da na hango ya rufe mini ido.

Ƙarshen labarin bai daɗe ba. A 2020 suka rage burin, suka sauya suna zuwa Diem. A Janairun 2022 aka sayar da kadarorin ga bankin Silvergate kan kusan dala miliyan 182, shi ma bankin ya rufe a Maris ɗin 2023. Kuɗin bai taɓa shiga hannun jama'a ba.

Ban yi murna da faɗuwarsa ba, kuma har yau ina ganin gwamnatoci sun tare ƙofa ba tare da sun buɗe wata ba. Gaskiya ne tsoron Libra ya tayar da su daga barci: Tarayyar Turai ta gabatar da dokar kuɗaɗen kirifto, wato irin su Bitcoin, a 2020, ta amince da ita a 2023, Sin kuma ta ƙara himma kan yuwan ɗinta na intanet. A nan gida, Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kirifto a Fabrairun 2021, ya ƙaddamar da eNaira, nairarsa ta intanet, ranar 25 ga Oktobar shekarar, irinsa na farko a Afirka. Ga hukuma, ga doka, ga ofishin da aka sani, amma mutane ba su karɓa ba. Ko a farkon 2023, da takardun naira suka yi ƙaranci har ana kwana a layin banki, wurin masu POS na unguwa jama'a suka nufa, wurin yaron da suka san babansa. Matasa kuwa suka koma ajiya da USDT, kuɗin intanet da aka jingina da dala. Abin da aka ji wa tsoro ya shigo ta bayan gida, ba tare da wata ƙungiya da majalisarmu za ta iya kira ta yi wa tambayoyi ba. A Disambar 2023 babban bankin ya ɗage haramcin da ya sa wa bankuna.

Kundin da na kammala daga baya a kan haƙƙin mai ajiya na yi shi. Yanzu ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke kula da wakilan POS, kuma duk sabuwar manhajar da aka kawo mana, kafin in duba saurinta nakan tambayi wa zai ɗauki waya in kuɗi suka maƙale ranar Juma'a da yamma, kwana nawa za a yi kafin a mayar, kuma ko akwai mai jin Hausa a layin koke. Sau biyu na ba da shawarar a ƙi wata yarjejeniya mai riba saboda an kasa ba ni waɗannan amsoshin a rubuce.

Yaya har yanzu yana Jidda. Ƙarshen kowane wata yakan miƙa riyal ga wani mutumin garinmu a can, kafin la'asar ɗan canjin nan ya turo yaronsa gidanmu da kuɗin. Hajiya ta ƙirga su a kan tabarma, sannan ta ce in kira mata Yaya ta gaya masa sun iso.