Masaukinmu na bakin hanyar Agadas

Mahaifina mai shayi ne a fitar Tawa, a bakin hanyar Agadas, lokacin da aka shimfiɗa kwaltar da ake kira hanyar uraniyom, wajen 1980. Manyan motocin da suka taso daga Kwatano za su Arlit, garin da ake haƙar uraniyom, sukan iso nan da almuru. Direba ya tuna akwai kilomita kusan 400 kafin Agadas, sai ya kashe mota. In sun sha shayi sai su ce, "Baba, babu inda mutum zai miƙe ƙafa?" Ya shimfiɗa musu tabarmi a rumfa. Rumfar nan ce ta haifi ɗaki biyu na laka, yau ga mu da ɗaki tara na siminti.

Wanda bai san sana'ar ba zai zaci ɗaki muke sayarwa. Direban da ya wuni cikin ƙura, abin da yake fara tambaya shi ne ruwa. Ina yaro, aikina ke nan: in tari masu ga-ruwa tun la'asar, in cika randuna, in kai bokiti ƙofar kowane ɗaki kafin magariba. Inna kuwa tana madafa, tuwon gero da miyar kuka, da asuba fura da nono. Har yau akwai tsofaffin direbobin da ke shigowa su ce, "Ɗan Baba, ina furar Inna?" alhali ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Matata ce ke damawa yanzu.

Sai kuma amana. Mutum ba ya barci in hankalinsa na kan kayansa. Baba da kansa yake kwana a tsakar fili da tocila, yana zagaya motoci, karen mota na kwance ƙarƙashin tasa. Ƙanena ya gaje shi a wannan.

Mun sha wuya. Da aka karya darajar sefa a 1994, kayan gini suka yi tsada, ɗakin da Baba ya fara ya daɗe ba rufi. Da aka rufe iyakokin Nijar a 2023, filinmu ya zama wayam, akan yi kwanaki ba a kunna fitilar ɗaki ko ɗaya ba. Hanyar ma ta lalace, manyan bas kuwa sun rage mana masu kwana. Masu fataucin albasa da dabbobi suka riƙe mu, da ƴan Adar, wato yankinmu na Tawa, masu dawowa daga Abijan gab da damina, waɗanda dare ke yi wa kafin su sami motar ƙauyensu.

Bara na sa sola saboda fanka, don zafin watan Afrilu ba ya barin baƙo ya runtsa. Teburin shayin Baba yana nan a ƙofa, ɗana na fari ke hura wutarsa in an fito sallar asuba.