Kyamara mai ido biyu

Yau da la'asar na tsaya wajen wani dattijo mai ɗinkin hula, tsohuwar Yashica Mat 124G a rataye a wuyana, ƙirar Japan da aka fara yi a 1970. Na nemi izini, ya ce bismilla. Na buɗe murfin sama, na sunkuyar da kai ina duban gilashin da ke daidai ƙirjina. Sai ya ce, "Yaro, ni za ka ɗauka ko ƙafarka?" Na ce, "Baba, ai kai nake gani." Ya taso ya leƙa, ga titi nan tar a ciki, sai dai mai keken da ya nufi hagu, a gilashin dama ya yi. Ya yi ta dariya. Haka take: idon sama na kallo ne, madubin ciki ke juya hagu da dama, na ƙasa kuma shi ke ɗauka.

Da ya koma kan allurarsa, fuskarsa ba ta ɗaure ba yadda ake yi in an ɗaga wa mutum waya. Kaina yana ƙasa, ban ƙura masa ido ba, shi ma ya manta da ni. Ko ƙarar maɓallin bai ji ba. Fim ɗin da kyamarar ke ci, wanda ake kira 120, hoto 12 kacal yake bayarwa, kuma sai an wanke za ka san abin da ka samu (tsadar kuwa ba a magana). Ban ga hoton ba tukuna, amma ina jin da waya ce da ban samu wannan fuskar ba.