Kafin ka je kallon ƙyallen Bayeux

Duk mai shirin zuwa yankin Normandi na Faransa don ganin ƙyallen Bayeux ya fara duba kalanda. An rufe gidan tarihin garin Bayeux, inda ake ajiye ƙyallen, tun Satumban 2025 saboda gyara, sai a 2027 ake sa ran buɗe shi. A tsakani, Faransa ta amince ta ba gidan tarihin Birtaniya da ke Landan aron ƙyallen daga Satumban 2026.

Ƙyallen lilin ne mai tsawon kusan mita 70, faɗinsa kamar rabin mita, an yi masa aiki da allura da zaren ulu, ba saƙa shi aka yi ba. Yana ba da labarin yadda Wiliyam na Normandi ya ci Harold, sarkin Ingila, a yaƙin Hastings ranar 14 ga Oktoba, 1066. Jama'a kan yi cincirindo a wurin hoton tauraro mai wutsiya da ke jikin ƙyallen, amma ni a ganina ɗinkin ne abin tsayawa a kalla.

Ɗinki iri biyu ne. Na farko shi ke zana gefen doki ko jirgi, zare yana hawa kan ɗan'uwansa kamar igiya. Na biyu shi ke cike ciki, kuma hawa uku ne: a shimfiɗa zare a jere, manne da juna, a saman ƙyallen kawai; a gitta wani zaren a kansa da ɗan tazara; sannan a danne wanda aka gitta da ƙananan ɗinki. Ta haka ulu ba ya ɓacewa a bayan ƙyalle, wuri mai faɗi ya cika da sauri. Mai son gwadawa a gida ya ɗaure ƙyallensa tam a firam. In ya ja zaren shimfiɗa da ƙarfi, lilin zai tattare. In ya buɗe tazarar gittawa da yawa, zaren ƙasa zai yi sako-sako, farce ma ya fizge shi.

Launukan goma ne, daga tsirrai uku: na ja, na rawaya, da na shuɗi, wanda rininsa ɗaya da shunin marinar Ƙofar Mata. Abin mamaki, zaren da aka yi faci da shi a ƙarni na 19, mai rinin sinadari, ya fi na asali koɗewa.

Ko babu ƙyallen, tafiyar ba ta faɗi ba. Jirgin ƙasa daga tashar Saint-Lazare a Faris yana kai wa Bayeux cikin awa biyu da 'yan mintuna, ta birnin Caen. Babban cocin Bayeux, wanda aka keɓe a 1077 zamanin Bishop Odo, ɗan'uwan Wiliyam, yana nan. A Caen ka ware yini guda: ganuwar fadar Wiliyam, kabarinsa a cocin Abbaye aux Hommes, da na matarsa Matilda a cocin Abbaye aux Dames. Akwai 'yar tafiya tsakanin cocin biyun, sai ka sa takalmi mai daɗi.