Filaskon da na shuka a bayan gida

Asabar, 20 ga Yuli, Nguru

Da na dawo daga sallar asuba ban shiga ɗaki ba, kai tsaye na zagaya bayan gida da tocila. Filaskona ya yi fure. Tushe uku ne daga cikin bakwai, kowanne bai kai gwiwata ba, rassansa sun baje a kan rairayi, a ƙarshen reshe kuma ga ƙananan furanni ruwan ɗorawa sun jeru. Na daɗe a tsugune har gari ya waye.

Shekara biyu ke nan ina fama da shi. Bara na tono ƙanana daga jigawar da ke hanyar Machina, na dasa su a ƙasar lambu mai laka, na zuba musu takin awaki, safe da yamma ina ban ruwa. Ko sati uku ba su yi ba suka yi yaushi, da na tumɓuke ɗaya sai na ga saiwar ta ruɓe. Abin ya dame ni ƙwarai. Kawu ne ya warware mini. Ya ce, "Ɗan nan, filasko ɗan jigawa ne. Saiwarsa guda ce doguwa, ƙasa take nutsawa neman laima. Ka tsinke ta wajen tono, ka kuma jiƙa abin da ya rage." Ya ce in bar dashe, in nemi iri.

Da kaka na tsinko kwansonsa da suka bushe. Kwanson shafal yake, a lanƙwashe kamar jinjirin wata, da ɗan tudu-tudu a kan kowace ƙwaya. Ƙwayar tauri gare ta, ruwa ba ya ratsa ta da sauƙi, shi ya sa takan kwanta a ƙasa ta daɗe ba ta tsiro ba. Na goga gefen kowace a kan dutsen wasa wuƙa har ɓawon ya ɗan kankare, na jiƙa su kwana ɗaya, waɗanda suka kumbura na binne su zurfin gaɓar yatsa a cikin rairayi zalla tun kafin damina ta kankama. Ruwa kaɗan na ba su har suka kama, daga nan na bar su da na sama. Ruwan da muke samu a nan ba ya cika kaiwa milimita 600 a shekara, kuma ya ishe shi.

Da hantsi wani baƙin ƙwaro mai kama da ƙudan zuma, amma ya fi shi girma, ya zo ya rungume fure ɗaya yana kaɗa jiki da ƙara. Haka furen dangin tafasa yake, garinsa a kulle yake cikin 'yan bututu, sai an girgiza shi yake fita. Na kira yara suka gani.

Inna ta leƙo, ta murza ganye ɗaya ta shinshina. Ta ce a zamaninsu da wuya ka shiga gidan da babu busasshen filasko a ƙulle a tsumma, don wankin ciki. Ta ja mini kunne kada yara su taɓa, domin in ya yi yawa murɗa ciki yake yi sosai, mai juna biyu kuwa ba a ba ta. A littafi sunansa Senna italica, kuma ana samun sa tun daga Senegal har Sudan, ƙasar Larabawa da Indiya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar Kawu da yamma. Ya ce da ƙuruciyarsa a bakin gari ake tsinkar sa, yanzu sai an yi tafiya, domin gonaki sun cinye jigawar, wasu masu kai shi kasuwa kuma da saiwa suke tumɓukewa maimakon su yanki ganye su bar tushen. Na yi masa alkawarin in kwanso ya nuna zan raba irin biyu, rabi nasa, ya zuba a gefen gonarsa ta gero inda garma ba ta kaiwa.

Kafin magariba na kewaye wurin da ƙayar aduwa saboda kaji, sun fara tono a gindin na huɗun, wanda shi ma ya fito da kan fure.