Abin da littafin lodi ya koya min a Gadarif

Ni fa siyasa na karanta a Hartum, har jarrabawa na rubuta a kan yaƙin Yaman, yadda Saudiyya da Imarat, wato Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suka shiga a 2015 aka dinga kwasar samarin Sudan ana kaiwa can, da sojoji da 'yan Da'ama duka, wato dakarun RSF na Hamidti. Na ci jarrabawar amma wallahi ban gane karatun ba sai da yaƙin 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da Da'ama ya koro mu, na zo Gadarif wajen kawuna ya zaunar da ni a ofishinsa ina rubuta lodin dawa da riɗi, mota kaza ta tashi, direba wane, ta wace hanya.

Kowace hanya da shafinta. A Disambar 2023 Madani ta faɗa hannun Da'ama, shafinta ya mutu. Ƙarshen Yunin 2024 suka kama Jabal Moya da Sinja, hanyar Sinnar zuwa Rabak ta yanke, danginmu na Mai Wurno sai dai mu ji muryarsu in waya ta shiga. Lokacin ne wani dattijon direbanmu ya dawo bayan kwana tara, ya zauna a kan buhu yana shan shayi hannunsa na rawa, yake ba mu labarin irtikaz ɗin, wato shingen Da'ama a kan hanya, da aka tsare shi, yara ƙanana da bindigogi sababbi fil, motocinsu ba lamba, taya ko gogewa ba ta yi ba. Ni da ɗan karatuna na ce Baba ai harsashinsu ya kusa ƙarewa. Ya kalle ni ya ce ɗana, wanda ake cika wa randa ta bayan katanga yaushe ruwansa zai ƙare?

Gaskiya ya faɗa. Tun Janairun 2024 ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce zargin da ake wa Imarat na shigo wa Da'ama da makamai ta Amjaras a Chadi abin gaskatawa ne, duk da ita ta musanta. Su ma sojojin Sudan na Janar Burhan ba da ƙarfinsu kaɗai suka miƙe ba, Masar na bayansu, sai ga musayyara ta Iran da ta Turkiyya, jiragen nan marasa matuƙi. A Oktoban 2024 suka karɓe Jabal Moya, Nuwamba Sinja, Janairun 2025 Madani, Maris fadar shugaban ƙasa a Hartum. Na sake buɗe shafukan ina murna, har nake ce wa direbobi an gama.

Nan na yi kuskuren da har yau yake damuna. A Mayun 2025 musayyara ta faɗa wa Fot Sudan, garin da muke ganin ko kusa yaƙi ba zai je ba, rumbunan mai suka yi kwanaki suna ci da wuta, kuma ni na tura motoci biyu can ina ba su tabbacin lafiya lau. Allah ya tsare sun dawo. Daga ranar na daina yi wa direba alƙawarin hanya don na ji sanarwa a rediyo, sai in tambayi wanda ya fito daga can jiya me ya gani a hannun yaran, me ya ji yana shawagi a sama.

Abin da ya fi ƙona min rai zinaren ne. Daga yankin sojoji yake fita, daga yankin Hamidti yake fita, kuma mafi yawansa Dubai ya nufa, ya dawo mana a matsayin harsashi. Da ɗan gari akan ci gari, amma ɗan garin nan da ke irtikaz ko takalmin kirki ba shi da shi.

Da Fashir ta faɗi a Oktoban 2025 na ɗauko biro zan soke shafukan Darfur gaba ɗaya, kawu ya riƙe min hannu ya ce bar su haka, akwai direbobinmu uku da ba a rubuta dawowarsu ba.