Lambar da Ke Jikin Kwali Ba Ita Ke Yin Aikin Ba

Sana'ata haɗa kwamfutar tebur ce da gyaranta. Ni da yara uku muke aikin. Mutum ya zo da buƙatarsa, mu zaɓo masa furosesa da madabod da ram da katin hoto da akwatin wuta, mu ɗaura, mu bar injin yana aiki dare guda, in ya kwana lafiya sannan mu miƙa. Lokacin da na fara, tambayar farko da kowa ke yi ita ce wane furosesa za a sa. Yanzu kafin mutum ya zauna ya riga ya faɗi lambar katin hoton da ya gani a intanet, kuma sau da yawa katin nan kaɗai yana cinye rabin kuɗin injin.

Daga 2020 abin ya birkice. A watan Satumban shekarar kamfanin Nvidia ya fitar da katin hoto RTX 3080, ga korona ta zaunar da mutane a gida kowa na neman kwamfuta, ga masu haƙar kuɗin kirifto na Ethereum suna kwashe katuna da kwali-kwali. Na yi watanni ina haɗa inji in bar gurbin kati fayau, mai shi yana jira. Da Ethereum ta daina dogaro da haƙa a watan Satumban 2022, sai katunan suka dawo kasuwa a matsayin na hannu, kamar an buɗe madatsa. Har yau muna ganin ragowarsu. Ba duka ne suka lalace ba, domin mai haƙa mai wayo yakan rage wa kati wuta don ya rage kashe kuɗi. Abin da nake dubawa shi ne fanka, ko tana ƙara, da man da ke tsakanin guntun da ƙarfen sanyaya, ko ya bushe ya zama kamar alli, sai zafin ƙwaƙwalwar katin in an ɗora masa nauyi na awa biyu. In ya tsallake waɗannan, nakan saya.

Inda muka fi yin musu da masu saye shi ne ƙwaƙwalwar kati. RTX 3060 na 2021 ya zo da giga 12. Wanda ya gaje shi a 2023, RTX 4060, giga 8 ne da shi, haka ma RTX 5060 na 2025. Sabon ya fi tsohon gudu, wannan babu gardama. Amma wasa ko aikin bidiyo in ya cika ƙwaƙwalwar katin, dole ya riƙa aro daga ram ɗin kwamfuta, hanyar kuwa ta fi tsawo, sai ka ga hoto yana tsayawa yana fizga. Wani saurayi mai tace bidiyon aiki ya taɓa ce min, “Oga, ai 4060 ya fi 3060, ko a lissafi.” Na ce masa, “A lissafi haka ne. Kawo fayil ɗin da ya fi ba ka wahala mu buɗe a duka biyun.” Muka buɗe, ya kalla, bai sake maganar lissafi ba. Shi ya sa nake jin daɗin yadda Intel ta shigo wannan kasuwa, da Arc B580 mai giga 12 a ƙarshen 2024, da kuma AMD da ta kawo RX 9070 XT mai giga 16 a watan Maris na 2025. Mai saye ɗaya da mai sayarwa uku ya fi mini daɗi.

Akwai kuma dabarar ƙirƙiro hoto. Tun jerin RTX 40, DLSS, wata fasahar Nvidia, yana iya cusa hoton da ƙirƙirarriyar basira ta hasaso tsakanin hotuna biyu na gaske, jerin 50 kuma ya fito a 2025 yana cusa har uku. Ido yana ganin santsi, gaskiya ne. Hannu dai ba ya jin sa, domin abin da ka danna yana jiran hoton gaske ne. Nakan gaya wa mutum ya ɗauke shi a matsayin gyara, kada ya biya kuɗin kati don shi.

Wuta ita ce ta fi hana ni barci. RTX 4090 na cin wat 450, RTX 5090 da ya fito a Janairun 2025 kuma wat 575, duk ta ƙaramin soket guda mai fil 16. Tun ƙarshen 2022 aka fara ba da rahoton narkewar wannan soket, kuma abin da aka fi dangantawa da shi shi ne rashin tura filogin har ƙarshe. Daga baya aka gyara tsarin, aka gajarta ƙananan fil ɗin da ke shaida wa kati cewa an jona, don kada ya ja wuta in filogin bai zauna ba. Duk da haka dokata ga yarana ba ta canja ba: a tura sai an ji ƙaras, a haska tocila a duba ko akwai 'yar tazara, kuma kada a lanƙwasa wayar daf da bakin filogi don murfin akwati ya rufu. In murfin ya ƙi rufuwa, akwatin ne ya yi kaɗan. Katunan kuma sun yi nauyin da sai an tokare su, in ba haka ba bayan shekara guda ka tarar sun sunkuya suna jan gurbinsu.

Sau ɗaya na yi sake a nan, kuma na biya. Wani ya kawo akwatin wutarsa na tsohon inji, ya dage a yi amfani da shi tunda an rubuta wat mai yawa a jikinsa. Na ji nauyinsa a hannu, shafal, zuciyata ba ta kwanta ba, amma na biye masa. Kwana tara ya dawo da injin a mace, madabod ya tafi. Daga aljihuna na sauya, domin ni na ɗaura. Tun daga ranar, akwatin wutar da ban san asalinsa ba ba ya shiga injin da zai fita da sunana.

Ta ɓangaren furosesa, abin da nake auna wa mutum shi ne tsawon ran soket, wato gurbin da furosesa ke zama a jikin madabod. AMD ta fito da furosesan Ryzen a 2017 a kan soket ɗin AM4, kuma a kan wannan soket ɗin dai ta kawo 5800X3D a 2022. Madabod da yawa na farkon zamanin sun karɓe shi da sabunta BIOS, manhajar da ke cikin madabod, kawai. Na sha cire tsohon furosesa in sa wannan, mutum ya tafi da inji kamar sabo bai canja komai ba. Sirrin X3D shi ne an ɗora ƙarin ma'ajiyar kusa a kan guntun, har ta kai mega 96, don haka furosesa ba ya yawan aike zuwa ram, wasanni kuwa wannan suke so. Soket ɗin AM5 da ya zo a 2022 ram ɗin DDR5 kaɗai yake ɗauka, kuma fil ɗin sun koma jikin madabod, sai a kula da yatsa. Intel ta riƙe soket ɗinta na LGA1700 na zuriya uku, ta koma LGA1851 a 2024. A shekarar ce kuma ta amince cewa wasu furosesoshin zuriya ta 13 da ta 14 suna neman wutar da ta wuce kima har su gaji, ta fitar da gyara ta BIOS, ta ƙara shekara biyu a garanti. Duk injin wannan zuriya da ya hau teburina, ko fanka aka kawo shi canji, sai na duba BIOS ɗinsa tukuna.

Yanzu kuma ram ce ta ɗauki zafi. Kamfanoni uku ne ke yin mafi yawanta a duniya, Samsung da SK Hynix da Micron, kuma manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun fi mu tsoka. Daga ƙarshen 2025 tsadarta ta sa na daina ba da ƙiyasin da zai wuce 'yan kwanaki.

Ba kowa ne ke neman dodon kati ba, kuma a nan ne abincin yau da gobe yake. Da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, ofisoshi suka fara kawo injinansu, tunda Windows 11 na neman TPM 2.0, wani sashen tsaro na injin, da furosesan Intel daga zuriya ta 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama. Da yawa TPM ɗin yana nan, a kashe yake a cikin BIOS. Jiya ƙaramin yarona ya leƙo ya ce, “Maigida, waɗannan shidan fa, wane kati za mu sa musu?” Na ce ko ɗaya, wasiƙa da lissafi ake yi da su, hoton cikin furosesa ya ishe su. Huɗu mun kunna musu TPM sun wuce. Biyun da suka rage zuriya ta 6 ne, suna kan tebur, ina jiran mai su ya yanke shawara.